Kwanakin Ra'ufu a Teku

Ranar Litinin da hantsi Abdurra'uf ya shigo shagona a Gumel da jakar bakko a kafaɗa, ya dire ta a kan injin fotokwafi kamar shi ya saya mini injin. Wata takwas rabona da shi. Ni da shi taubasai ne, mahaifiyata da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ban jira ya zauna ba na fara.

"Sarkin Ruwan Sule Tankarkar, an sauka? Ina kifinmu?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ilu, karanta wannan, ka gaya mini ko ni ne Turancin ya kuɓuce wa."

Saƙo ne daga hukumar da ke ba matuƙa jirgin ruwa lasisi. Sun ce kwanakin da mutum ya yi a teku a matsayin mai sa ido ba sa shiga lissafi, domin a wurinsu mai sa ido da fasinja duk ɗaya ne. Sai fa idan kyaftin ɗin jirgin ya rubuta da hannunsa cewa mutumin ya yi aikin jirgi, ya riƙe dutin tuƙi, ya kuma faɗi ko kwana nawa ne. Kwana ɗari bakwai da ashirin suke nema.

Na ce, "To ai kai ka haura dubu."

"Dubu ɗaya da ɗari da arba'in," in ji shi. "Sun ce ko ɗaya ba ni da shi."

Sannan ya gaya mini abin da ya hana shi dariya. Wani kamfanin kamun kifi a Legas ya yarda zai ɗauki nauyin karatunsa na zama kyaftin, in har takardar kwanakinsa ta isa gare su kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Sau ɗaya suke ɗauka a shekara, kuma ba sa ɗaukar wanda ya kai talatin da biyar. Ra'ufu saura masa wata biyu ya cika talatin da biyar.

Wanda bai san shi ba zai yi mamakin me ya haɗa ɗan Sule Tankarkar da teku. Ni ma da na san shi har yau ina yi. Ƙauyensu rijiya sai ta cinye igiya gaba ashirin da wani abu kafin guga ya taɓa ruwa. Ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne kududdufin bayan gari da ake buga tubali, wanda ke ƙafewa tun ba a gama yankan gero ba. Kifi kuwa banda ce da ake kawowa daga Haɗeja a kwali. Da ya nemi makarantar gaba, fannin aikin gona ya cike, aka ba shi fannin kifi, ya karɓa don ba shi da wanda zai je ya yi masa magana. Da ya gama aka ɗauke shi mai sa ido.

Aikin shi ne a sa ka a jirgin kamun kifi na wani kamfani, ka bi su teku kwana arba'in ko kusa da haka. In an jawo taru ka auna abin da aka kamo, ka rubuta irinsa, ka duba ko idon tarun ya kai yadda doka ta ce, ka rubuta inda aka jefa shi. Musamman ka tabbata jirgin bai matsa kusa da gaɓa ba, inda masu kwale-kwale ke neman abincinsu. Kai idon gwamnati ne, ba ma'aikacin jirgi ba. Ba ka taɓa igiya, ba ka taɓa sitiyari. Duk ƙarshen tafiya kuma akwai takardar da kake sa wa hannu cewa ba ka sa hannu a aikin jirgin ba.

Wanda ya tsara wannan dokar bai san Kawu Habibullah, mahaifin Ra'ufu, ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu na je hutu gidansu da damina. Aka tafi gona, rana ta buɗe, na lallaɓa gindin aduwa na zauna. Kawu bai ce mini komai ba. Da aka kawo fura, ƙwarya ta zagayo kaina, sai ya ce, "Ilu bai yi noma ba yau, ku miƙa wa na gaba." Ban ƙara zuwa hutu gidan ba sai da na girma. Ra'ufu a gidan ya tashi.

To ka ɗauki wannan mutumin ka sa shi a jirgi, ka ba shi biro da sikeli, ka ce ya zauna yana kallon mutane goma sha biyar suna jan taru hannuwansu na tsagewa, in an jima kuma ya zauna ya ci shinkafa da su. Ya ce kwana biyun farko amai ne ya hana shi tashi. Rana ta uku kunya ce ta tashe shi. Ya ajiye biro ya kama igiya, ba wanda ya ce masa kanzil.

Sitiyari kuma salla ce ta kai shi. Jirgin kamun kifi ba ya tsayawa wuri ɗaya, juyi yake yi wuni guda, inda ka fuskanta da azahar ba nan ne gabas ba da la'asar. Sai ya riƙa hawa ɗakin tuƙi sau biyar a rana yana duba kamfas. Kyaftin ɗin wani dattijo ne mutumin bakin teku, ba Musulmi ba ne, kowa Baba Kyaftin yake ce masa. Ya gaji da ganinsa a bakin ƙofa, ya kira shi ya nuna masa yadda ake karanta lambobin, ya ce alƙiblarku daga nan sittin da 'yan kai ce, ka riƙe. Daga nan sai riƙe mini in ci abinci, sai riƙe mini in miƙe bayana. Kafin shekara ta zagayo Ra'ufu na riƙe dutin awa huɗu shi kaɗai, yana karanta taswira, yana jin ƙarar inji ya san ko taru ya cika. Tsohon jirgi ne, masu sa ido gudunsa suke yi, don haka duk lokacin da ya nemi a tura shi can ba a musa masa. A cikin tafiya ashirin da takwas da ya yi a shekara bakwai, goma sha tara da dattijon ya yi su. Sauran kyaftocin ko ƙofar ɗakin tuƙi ba su bari ya taka ba.

Na ce, "To magana ta ƙare. Ina takardar da tsohon ya rubuta maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa tambayarsa ba."

"Shekara bakwai?"

"Mutumin da ya koya mini aiki kyauta, ina cin abincinsa, in ce masa rubuta ka sa hannu? Ai kamar na ce ban yarda da shi ba ke nan. Shi da bakinsa ya ce duk ranar da na buƙata in yi magana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekarata goma sha ɗaya ina wannan sana'ar, kuma rabin masu shigowa shagona irinsa ne. Mutum ya sayi gona da shaida baki, ya yi aiki shekara goma ba takarda, sai ranar da ofis ya tambaya ya zo ya tsaya a kaina kamar ni zan haifo masa ita. Na ce masa kunyar nan tasu ta mutanen ƙauye wata rana sai ta kashe wani. Na ce ya kira tsohon yanzu a gabana.

"Lambarsa ba ta shiga. Shekara ɗaya da rabi ke nan."

"Me ya faru?"

Ya ba ni labarin. A tafiyarsu ta ƙarshe kifi ya yi wuya, kamfani ya matsa wa dattijon. Ya karkata jirgi ya shiga kusa da gaɓa, inda aka hana, tarunsu ya kwashe ragar masu kwale-kwale. Ra'ufu ya rubuta, da rana da lokaci da wuri. Aka ci kamfani tara, kamfani ya sallami kyaftin. Tun ranar da suka sauka ba su ƙara magana ba.

Na dube shi, na dubi jakar bakkon. Na ce, "Wato mutum ɗaya ne a duniya zai iya ba ka takardar nan, kuma shi ne ka raba da aikinsa."

Ya ce, "Shi ne."

Akwai wani Bahaushe da ya yi shekaru yana dafa abinci a jirgin, Malam Hamza, mutumin Maigatari, ya bar aiki ya dawo gida. In akwai mai sabuwar lambar dattijon, shi ne. Amma Ra'ufu bai san gidansa ba, ya dai san yana sayar da abinci a kara, wurin cinikin dabbobi, ranar kasuwa, kasuwar Maigatari kuma sai Alhamis. Ko da an sami tsohon, ba shi da littafin jirgi a hannunsa, yana wurin kamfanin da ya kore shi. Da me zai ƙirga kwanakin?

Nan ne Ra'ufu ya tuna da littattafansa na alƙibla. Tun tafiyar farko yake rubuta kwanan wata da inda jirgi ya dosa a kowace salla, don kada ya rikice. Da ya fara duti sai ya ƙara layi ɗaya a gefe, yana rubuta awannin da ya riƙe sitiyari. Littattafan suna ƙauye, a ɗakin mahaifiyarsa.

Talata muka hau mashin ɗina. Daga Sule Tankarkar zuwa ƙauyen yashi ne, sau biyu muna sauka muna turawa. Mahaifiyarsa Inna Kande tana tsakar gida tana sussuka, muka durƙusa muka gaishe ta. Da ta ji abin da ya kawo mu ta ce, "Takardun nan masu warin kifi? Na kusa ba mai ƙosai su." Ta shiga ɗaki ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Gara ta ci gindin adakar, ta ci wani tsohon zane, ta fara gefen littafi ɗaya ta bari. Sauran suna nan ƙunshe a leda, guda tara.

Inna ta tsaya tana kallonsa yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ni dai, Ra'ufu, har yau ban gane wannan aikin ba. An ce kai ne mai tsaron su, kai kuma ka ce kai ne ɗan aikensu."

Ya ce, "Inna, ki dai sa mana albarka."

"Allah ya yi maka. Abin da ka san haka ne, shi za ka faɗa musu."

Laraba na rufe ƙofar shago, na mayar da masu neman cike fom, na zauna ina sikanin shafi bayan shafi. Ba karantawa nake yi ba, kwanan wata kawai nake bi ina ƙirgawa. Tafiya goma sha tara, kwana ɗari bakwai da talatin da ɗaya. Na sake ƙirgawa, haka ya fito. Na buga tebur na ce, "Ka haye da kwana goma sha ɗaya, Sarkin Ruwa." Ya ce to, Allah ya sa. Na lura bai yi murna ba, na ɗauka fargabar tsohon ce.

A ranar na yi masa tayin da na san zai ƙi. Na ce akwai mai sassaƙa hatimi a bayan tasha, ni kuma hannuna ya faɗa a rubutun wasiƙa, wa zai tashi daga Legas ya je neman wani tsoho a ƙauyen bakin teku? Ya ce in bar maganar. Na ce ai ba ƙarya za mu rubuta ba, ka yi aikin. Ya ce ya yi, amma ba ni ne na gani ba. Ya ƙara da cewa ko takardar gaskiyar ma tana da nata haɗarin, domin ranar da ofishinsu ya ji ya riƙe sitiyari, aikinsa na sa ido ya ƙare. Ya san da haka tun kafin ya taso daga Legas, kuma ya yarda.

Alhamis tun da sassafe muka kama hanyar Maigatari. Wanda ya san karar Maigatari ranar kasuwa ya san ba wurin neman mutum ba ne. Shanu, raƙuma, tireloli, dillalai kowa na magana a lokaci ɗaya. Mun tambayi masu abinci sun fi goma. Wannan ya ce Hamza mai shinkafa ya koma Gagarawa, wancan ya ce ai ya rasu, wani ya kai mu wurin wani Hamza daban mai sayar da igiya. Azahar ta yi ba mu same shi ba. Ni har na fara faɗa da wani mai shayi da ya ce sai mun sha zai tuna.

Ra'ufu ne ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya ɗaga hanci. Ya ce, "Wannan miyar tasa ce." Muka bi ƙamshin har bayan wata rumfar buhu, sai ga wani dattijo gajere yana juya tukunya.

Malam Hamza ya gane shi nan take, amma bai saki ludayi ba. Ra'ufu ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Malam mai biro. Me ya kawo ka?"

Ya faɗa masa komai. Dattijon ya zuba wa wani mai saye, ya karɓi kwano, ya goge hannu, sannan ya ce, "Ka san 'yarsa ce ke riƙe da shi yanzu? Shekara talatin da ɗaya yana ruwa. Ni ina wurin ranar da ya kwashe kayansa a buhu."

"Na sani, Baba."

"Kuma ka zo neman lambarsa."

"Na zo."

Na buɗe baki zan sa magana, Ra'ufu ya taka mini ƙafa. Malam Hamza ya dube shi, sannan ya ciro wata tsohuwar salula daga aljihu, ɗaure da roba. Ya ce ba zai ba da lambar ba sai mai ita ya yarda. Ya koma bayan rumfa ya kira. Muna jin muryarsa ba ma jin abin da yake cewa. Na ƙirga tireloli huɗu sun wuce kafin ya dawo ya miƙa wa Ra'ufu wayar.

Da Turancinsu na jirgi suka yi magana, na matso na kasa kunne. Ra'ufu ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali. Tsohon ya katse shi ya ce ya faɗi abin da yake so. Ya faɗa.

Sai tsohon ya ce, "Littattafan sallarka suna nan?"

"Suna nan, Baba."

"Turo wa 'yata su duka. Kada ka cire shafi ko ɗaya. Kai ka rubuta abin da ka gani. Ni ma abin da na gani zan rubuta."

Ya kashe wayar. A hanyar dawowa na tambayi Ra'ufu me wannan maganar ke nufi, alheri ne ko sharri. Ya ce in kula da hanya. Muna isa Gumel na tura shafukan gaba ɗaya.

Juma'a ba abin da ya zo da safe. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Na shirya komai a kwamfuta, fom da hoto da takardun makaranta, gurbi ɗaya kawai ya rage. Muka je masallaci muka dawo, ba saƙo. Ƙarfe uku saura aka ɗauke wuta, na tayar da janareto. Ra'ufu na zaune a benci da waya a tafin hannu, ba ya ko motsi. Ni kuwa na zagi tsohon, na zagi 'yarsa, na zagi kamfanin, na dawo kan Ra'ufu da kunyarsa.

Uku da minti ashirin wayar ta yi ƙara. Hoton wasiƙa ne, rubutun hannu, da tsohon hatiminsa na kyaftin a ƙasa. Na tura ta kwamfuta na buɗe ta da girma. Ya rubuta cewa Abdurra'uf Habibullah ya yi aikin taru da igiya a ƙarƙashinsa, ya riƙe duti shi kaɗai, kuma a shekara talatin da ɗaya bai koya wa wanda ya fi shi nutsuwa a kan sitiyari ba. Na fara murmushi. Sai na kai layin ƙarshe. Tafiya goma sha takwas, kwana 693.

A ƙasa ya ƙara layi biyu. Ya ce bai sa tafiya ta goma sha tara ba, mai kwana talatin da takwas, domin a wannan tafiyar Abdurra'uf bai yi masa aiki ba, aikin gwamnati ya yi.

Saura kwana ashirin da bakwai ke nan. Na miƙe tsaye. Na ce wannan ramuwa ce, tsohon banza ya jira shekara ɗaya da rabi ya samu inda zai soke ka. Ya yabe ka sama da ƙasa don ya ji daɗin yankan.

Ra'ufu ya ce, "Buɗe littafi na tara."

Na buɗe. Kwanan wata na nan, alƙibla na nan sau biyar kowace rana. Layin gefe, inda yake rubuta awannin sitiyari, fari fat tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ni da na yi sikanin ɗinsa da hannuna ban gani ba.

Ya ce, "Ranar da muka fita ni ke riƙe da sitiyari. Ko awa ɗaya ban yi ba ya ba ni lambar da zan dosa. Na duba taswira na ga gaɓa ce. Na ce Baba, nan an hana. Ya ce in dosa. Na cire hannuna na sauka ƙasa na ɗauki biro. Ban ƙara taɓa komai a jirgin ba har muka dawo. Abincina ma ni kaɗai nake ci."

"Wato tun shekaranjiya ka san lissafina ba daidai ba ne."

"Na sani. Na sa rai ne ko zai kau da kai."

Na dubi agogo, huɗu saura minti ashirin da biyar. Na zauna na jawo kujera. Wannan aikin na iya shi, ba alfahari ba. Shidan da tsohon ya rubuta a 693 a buɗe take ta sama, minti biyu ya ishe ni in mayar da ita bakwai, in share layi biyun ƙasa, in gyara sha takwas ta koma sha tara. Kwafi za a tura, ba asali ba. Na ce ko 731 ɗin ma zan iya fitarwa, lambobin duk suna cikin wasiƙar, ɗauka kawai zan yi in jera. Na ce, "Kana cikin jirgin kwana talatin da takwas ɗin nan ko ba ka ciki? Teku ta san wanda ya riƙe sitiyari? Shekara bakwai, Ra'ufu. Matarka Nana Firdausi da yara biyu suna ɗaki ɗaya a Legas suna jiran wannan takardar."

Ya tsura wa kwamfutar ido. Na ɗauka ya yarda, na kama linzamin kwamfuta na fara. Na share layin farko na ƙasa. Ina jin numfashinsa a bayana. Na kai rabin na biyu sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. Hannun kamar bayan itace, duk igiya ta cinye shi.

Ya ce, "Ilu, takardar nan da nake sa wa hannu duk ƙarshen tafiya, cewa ban taɓa aikin jirgi ba. A jirgin tsohon nan sau goma sha takwas na sa hannu a kan ƙarya. Sau ɗaya tak na sa hannu a kan gaskiya. Ita ce kake gogewa."

Na ce, "To in mayar, ka rasa?"

"Mayar."

Ban taɓa jin haushin mutum irin na wannan lokacin ba, kuma ban iya kallon fuskarsa ba. Na rufe ba tare da na adana ba, na sake buɗe ta asali, na liƙa ta a gurbinta. Huɗu saura minti tara na tura. Ya ce in buga masa kwafi ɗaya, zai kai ofishinsu da kansa kafin su ji a bakin wani. Na buga. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ɗauki jakarsa, ya tambaye ni ko akwai ruwa a buta, la'asar ta yi.

Kamfanin da zai ɗauki nauyin karatun ya amsa bayan mako guda da layi ɗaya, kwanaki ba su cika ba. Ofishinsu ya karɓi wasiƙar, ya karɓe katinsa na aiki. Hukumar lasisi kuwa ta amince da kwana ɗari shida da casa'in da ukun, ta ce ya kawo sauran. Watan da ya cika talatin da biyar ya shiga wani jirgin a matsayin ɗan jan taru, tare da samarin da ya girma da shekara goma sha biyar. Karatun kyaftin yanzu sai dai ya kai kansa, kuma ban san shekara nawa wannan zai ɗauka ba. Shi ma bai sani ba.

Bayan wata biyu ya turo mini hoton wani shafi, kwana arba'in da ɗaya, da sa hannun kyaftin ɗin sabon jirgin da hatimi. Na kira shi na ce, "Sarkin Ruwa, yaya aka yi kunyar ta bari ka tambaya?"

Ya ce, "Tun jirgi bai gama tsayawa ba na miƙa masa biro." Sannan ya ce, "Na tura wa Baba Kyaftin hoton shi ma."

"Me ya ce?"

"Ya ce an rubuta kwanan watan sauka ba daidai ba, in koma a gyara."